Kawuna da Hannuna na Dama

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a koma da mu ɗaya bayan ɗaya. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Doha a farkon zafin bana, a nan kuma aka binne shi, nesa da matarsa da 'ya'yansa da ke Zariya. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, gajiya tana hana ni. Yau dai na zauna, don na lura ko a masallacin unguwarmu an fara daina ambatonsa, har wani ya gaje gurbin da ya saba tsayawa a sahun farko.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, gidanmu na unguwar Al Muntazah bai ɗauki mutane ba. Ɗakuna biyu ne da ɗan falo a saman bene, sai takalma suka cika matakala har ƙasa. Direbobi suka zo cikin fararen rigunan aiki, kowa na satar kallon wayarsa saboda maigida na jira. Masu gadi suka zo da yunifom, wasunsu daga aikin kwana, ana addu'a suna gyangyaɗi. Mutum zai shafa fatiha, ya kurɓi ruwa, ya ce, "Allah ya ji ƙansa, bari in koma diyuti." Ban ga laifin kowa ba. A garin nan zaman makoki sai wanda aka ba hutu.

Abokin ɗakinsa, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ke aikin guga a otal, ya zauna a bakin katifar Kawu bai tashi ba har la'asar. Duk wanda ya yi masa gaisuwa magana ɗaya yake mayar masa: "Ya ce mini da Sallah zai tafi gida. Da bakinshi ya ce mini."

Babban ɗan kafil ɗinsa ya zo, wato ɗan Balaraben da Kawu ya yi wa tuƙi tun ina goye. Ya tsaya a ƙofa ya rasa inda zai zauna, ya ce Kawu ne ya riƙa kai shi makaranta, shi ne kuma ya koya masa mota. Ya juya ya sa aka shigo da farantan shinkafa da nama. Ba a ci rabi ba.

Sai wasu mutum biyu da suka sa jama'a kallon juna. Ɗaya mace ce 'yar Tunisiya, ta tsaya a matakala don falon duk maza ne. Ɗayan ɗan Filifin ne, ba Musulmi ba, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya tambaye ni a hankali abin da ake cewa. Na koya masa, ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana faɗin "Allah jikansa" iya yadda harshensa ya iya. Na ji wani direba yana raɗa wa na kusa da shi, "Ina dattijon nan ya san waɗannan?"

A dalilin hannuna ya san su. Macen likitar gashin ƙashi ce da ta yi jinyata bayan an yi mini aiki a gwiwar hannu. Ɗan Filifin ɗin kuma shi ne mai cafe ƙwallo a ƙungiyar da nake zuwa ran Juma'a. Ba zan iya ba da labarin ƙarshen rayuwar Kawu ba sai na ba da labarin hannun nan, don a kansa ya ƙarar da ita.

A Sabon Ibadan na taso. A makarantarmu akwai wani malami da ya koya mana besbol, wasan da a gidanmu ba wanda ya taɓa jin sunansa. Mutum ɗaya ke tsayawa a kan ɗan tudu ya jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani na tsaye da sanda zai doke ta, wani kuma na tsugune a bayansa da safar fata zai cafe. Ni ne mai jifan. Allah ya ba ni tsawo da hannu, har aka fara ɗaukar hotona ana aika wa masu neman 'yan wasa a ƙasashen waje, ɗayansu ma ya rubuto yana tambayar shekaruna. Ana cikin haka, wata rana a tsakiyar wasa na ji wani abu ya ce ƙas a gwiwar hannuna ta dama, yatsuna biyu suka mutu na ɗan lokaci. Daga ranar ina iya komai da hannun, amma da na ɗaga shi zan yi jifa da ƙarfi sai in ji kamar an soka mini ƙusa.

Na yi wajen shekara a gida ba aiki ba wasa. Mahaifiyata ce ta kira yayanta, shi kuma ya roƙi kafil ɗinsa aka samo mini aikin gadi a wani babban kanti. A waya Kawu ya ce mini, "Ka zo, akwai likitoci a nan." Da wannan maganar na hau jirgi.

Na same shi tsoho fiye da yadda na bar shi a zuciyata. Gajere ne, mai furfura a gemu, hularsa kullum a goge. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka ƙasa, in ya yi kabbara hannun dama ya kai kunne, na hagu ya tsaya a ƙirji. Yana ajiye goro a firji cikin jiƙaƙƙen tsumma, ba mai taɓawa, kuma duk wanda ya dawo daga hutu bai kawo masa ba to sai ya sha gori. Shekarunsa nawa yana tuƙi a garin da kowa ke sauri, ban taɓa jin ya danna ham ba. In wani ya yanke shi a hanya sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Yalla, je ka, Allah ya kai ka." In kuwa ya ga ranka a ɓace, ko kana shirin yi masa gardama, sai ya turo maka kwano: "Ci abinci tukuna, sai mu yi faɗan." Yawanci kafin ka gama ci faɗan ya huce.

Namu bai huce ba. Da na sami katin asibiti aka ɗauki hoton hannun, likita ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar ta tsinke. In ina son rayuwa irin ta kowa, a bar ta haka. In kuwa ina son in sake jifa, sai an yi aiki, a ciro wata jijiya daga wuyan hannuna a dasa a wurin, sannan in yi shekara guda da wasu watanni ina jinya, kuma ba tabbas hannun ya dawo yadda yake. Na dawo gida da murna na gaya wa Kawu. Ya saurare ni har na gama, ya turo mini kwanon tuwon semo, ya jira na wanke hannu.

"Da wane hannu ka ci tuwon nan?" ya ce.

"Da na dama, Kawu."

"Da wanne kake alwala? Da wanne kake buɗe wa mutane ƙofa a wajen aiki? Hannu lafiyayye za ka kai a yanka saboda wasan yara?"

"Kawu, ai kai ka ce in zo akwai likitoci."

"Na faɗa don ka taho. Ni da uwarka mun yi magana. Mun kawo ka ka kama aiki ka manta da jifan nan, ka yi aure kamar sa'o'inka."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa ashe yaudarata suka yi. Ya ce in kira shi duk abin da na ga dama, shi dai ba zai sa hannu a yanka ɗan ƙanwarsa ba. Washegari ya kawo wani Basudane mai ƙaho ya ce a zuƙe mataccen jinin da ke wurin. Na miƙa hannun don kada in kunyata shi gaban baƙo, aka yi, ba abin da ya sake. Ya samo wani man shafawa mai wari daga wajen wani da ya dawo daga Kano, shi ma haka. Muka shiga zaman doya da manja, ɗaki ɗaya muke kwana amma daga gaisuwa ba ƙari. Kawu mutum ne mai riƙo in ya ga dama, ba zan ɓoye wannan ba don ya mutu.

Dattijon Kumasi ne ya gaji da mu. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya karɓi wayata, ya nemo hoton bidiyon wasana na ƙarshe kafin rauni, ya ajiye a cinyar Kawu ya fita abinsa. Ina kwance na juya masa baya, ina jin ƙarar ƙwallo tana faɗawa cikin safar fata, in ta ƙare a maido ta farko. Ya kalla ya sake kalla har na daina lissafi.

"Kai ne wannan?" ya ce.

"Ni ne."

"Tun da ka zo garin nan ban taɓa ganin fuskarka haka ba."

Sai ya dafa kafaɗarsa ta hagu. Ya ce yana saurayi yana yaron mota, buhu ya faɗo masa daga saman tirela. Mai ɗori ya ce ya kwanta wata biyu, ya tashi bayan mako biyu don kada a ba wani gurbinsa, ga abin da ya samu. "Ba wanda ya ce mini in zauna," ya ce. "Kowa cewa yake sannu da ƙoƙari." Bai ce ya yarda a yi aikin ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Ranar da za a shiga da ni dai na fito da asuba na tarar ya riga ya tayar da mota.

Watannin farko ba na son tuna su. Hannu a cikin ƙarfe, ba ya miƙewa ba ya lanƙwasuwa. Kawu ne ke zuba mini ruwan alwala, shi ke saka mini maɓallin riga, shi ya je ya tsaya a ofishin kamfaninmu har aka mayar da ni gadin zaune a ɗakin kyamara. Mutumin da ya ƙi aikin nan da farko sai ya zama ya fi ni bin doka. Duk ranar gashi zai kai ni, ya shiga har ciki ya zauna a kusurwa da hularsa a gwiwa, yana yi wa likitar tambayoyi da Larabcinsa na direbobi. Ta ce in ɗaga sau kaza, ya ce da safe ko da yamma? Ta ce kada in ɗauki abu mai nauyi, ya ce butar alwala fa? Tun tana ƙosawa har ta koma in ya makara shigowa sai ta tambaya ina Baba. A gida kuwa ko cokali na ɗaga sai na ji muryarsa daga bayana: "Me likita ta ce?"

Sau ɗaya na ga sun saɓa. Ta ce in samu bokiti in cika da ɗanyar shinkafa, in riƙa cusa hannu ina damƙa ina juyawa don yatsu da dantse su yi ƙarfi. Kawu ya ce a gabansa ba za a yi wasa da abinci ba. Ta ce to ya kawo abin da ya fi. Ya je ya ɗebo yashi a wani wurin gini, na yi kwana biyu fatar yatsuna ta saɓule. Daga ƙarshe ya sayo tsakin shinkafa irin wanda ake ba tsuntsaye, ya kafa sharaɗi: in ta tsufa a kai wa tattabaru. Haka muka riƙa yi. Duk ƙarshen wata zai ɗauki ledar mu tafi Corniche, ni ina sassarfa a bakin ruwa kamar yadda aka umarce ni, shi yana zaune a benci tattabaru sun kewaye shi. In na zo wucewa ya ɗaga murya: "Ɗaga ƙafa, ba kasuwa za ka ba."

A kusurwar ɗakinmu akwai manyan kwalaye ɗaure da igiya, an rubuta sunan matarsa da Zariya a jiki. Na ɗauka tsaraba ce yake tarawa. Sai daga baya dattijon Kumasi ya gaya mini cewa tun kafin a yi mini aiki kafil ɗin ya sallame shi cikin mutunci, ya ce ya tafi gida ya huta, ciwon suga da hawan jini sun fara cin ƙarfinsa. Kawu ne ya koma ya roƙi a bar shi ya ƙara shekara. Da na tunkare shi da maganar sai ya ce, "Wa zai kai ka gashi? Motar haya?" Na ce akwai jirgin ƙasa. Ya ce, "Ci abinci."

Da aka ba ni izinin fara jifa, a hankali kuma daga kusa, sai matsalar mai cafewa ta taso. Ɗan Filifin ɗin ran Juma'a kawai yake samuwa, a filin wata makaranta inda baƙi 'yan ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su yi wasa, ni kuwa ana so in yi jifa kwana bi kwana. Kawu ya ce shi zai yi. Na yi dariya, shi bai yi ba. Akwai wani filin ajiye motoci a unguwar Old Airport, bayan gidan kafil ɗinsa, da ba kowa a cikinsa da sassafe. Bayan sallar asuba, kafin rana ta fito da fushinta, can muke zuwa. Ba ya iya tsuguno, sai ya kife akwatin lemo ya zauna a kai. Safar fatar a hannun hagu ake sa ta, hannun da ba ya ɗaguwa, don haka dole in jefa daidai ƙirjinsa, in na kauce ko kaɗan ƙwallon ta wuce ko ta same shi. Ta same shi a ƙwauri, ta same shi a haƙarƙari, sau ɗaya ta fasa masa leɓe. Sai ya tofar, ya gyara zama ya ce, "Kawo."

Da carbinsa yake ƙirga mini. Likita ta faɗi adadin da zan jefa, duk jifa ɗaya ya ja ƙwaya ɗaya da hannun dama. In adadin ya cika sai ya cire safar ya ce, "Khalas," wato an gama. Ko na ce hannuna yau garau yake, ko na roƙe shi guda biyu kacal, ya riga ya ɗauki akwatinsa ya nufi mota. Akwai ranar da wani mai neman 'yan wasa ya aiko cewa in turo sabon hoton jifana da dukkan ƙarfina cikin makon, ni kuwa saura watanni a ba ni wannan izinin. Na yi ta magiya. Kawu ya ce, "In mutumin nan na son hannunka zai jira shi. In bai jira ba, ni ba zan riƙe maka waya kana tsinke abin da aka ɗinka ba." Mutumin bai jira ba. Na yi kwanaki ba na iya kallon Kawu, shi kuma ya ci gaba da tashina da asuba kamar ba abin da ya faru.

Har ya mutu bai gane dokokin wasan ba. Ran Juma'a zai zauna a inuwa da kofin shayin karak, in kowa ya yi tafi shi ma ya yi. Wani ya tambaye shi yadda ake wasan, Kawu ya ce, "A jefa, a doka, a ruga. Nawa shi ne mai jifan." In an doke ƙwallona ta yi nisa sai ya tafa, a zatonsa abin kirki na yi. Ban taɓa gyara masa ba.

Alherinsa ba a kaina kaɗai ya tsaya ba, ko da yake nawa na fi sani. Duk sabon zuwa da kamfani ya yi watsi da shi, a falonmu yake kwana har ya samu madafa. Akwai wani mai gadi ɗan Katsina da kewar gida ta kusa taɓa masa hankali, ya daina ci ya daina magana. Kawu bai yi masa wa'azi ba. Kullum in ya tashi aiki sai ya ɗauke shi a mota su zaga gari, ya kunna masa waƙoƙin gida, har mutumin ya dawo daidai. A wajen makoki shi ya fi kowa kuka.

A watannin ƙarshe na ga yana canzawa, na kuma ga yana ɓoyewa. Ƙafafunsa suka kumbura har ya koma taka bayan takalmi. In ya hau matakala sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana duba waya. A filin motocin nan, in ya tashi daga kan akwati sai ya dafa gwiwa ya jima. Na ce mu je asibiti, ya ce ya je, an ƙara masa magani. Na ce ya tafi gida haka nan, hannuna ya kusa. Ya ce da Sallah zai tafi, in an ba ni izinin jifa da dukkan ƙarfi, in na je gwajin da ake shirin yi wa 'yan wasa a wata ƙasa ta kusa. "In gani da idona, sai in je in gaya wa uwarka ba ƙarya na yi mata ba," ya ce. Ban tambaye shi wace magana ya yi mata ba.

Izinin ya zo. Na jefa masa da ƙarfina duka a karon farko, ƙwallon ta faɗa cikin safar da ƙarar da na yi kusan shekara uku ban ji ba. Ya cire safar ya duba tafinsa ya yi ja, ya girgiza hannun.

"Da zafi?" ya ce, yana nuna gwiwata.

"Babu, Kawu."

"Nawa da zafi," ya ce. Ya mayar da safar.

Mako biyu bayan nan, da hantsi, ya sauke jikokin kafil ɗinsa a makaranta yana dawowa sai ƙirjinsa ya riƙe. Ya gangara gefen hanya, ya daidaita motar, ya kashe ta, sannan ya kira dattijon Kumasi. Ya kwana biyu a asibiti. Na zauna da shi ranar farko, bai yi magana sosai ba, sai ya ce in tabbata an mayar wa mutane makullin motarsu. Rana ta biyu kamfani ya ce ba wanda zai canje ni, na tafi aiki da niyyar dawowa da yamma. Ba a barinmu da waya a bakin aiki. Da na tashi na buɗe akwatin ajiyata na ga kira a jere, na san abin da ya faru tun kafin in kira kowa.

Kai gawa gida abu ne mai tsawo, iyalinsa suka ce a binne shi inda Allah ya karɓi abinsa. Ni da dattijon Kumasi muka shiga wajen wanka. Da muka zo kafaɗar hagu na ga yadda ƙashin ya haɗe a karkace, na ga kuma tabon ƙwallona a haƙarƙarinsa bai gama bajewa ba.

Na je gwajin, don ban san abin da zan yi ba in ban je ba. Na jefa iya jifana, hannun bai yi mini ciwo ba. Wani mai riƙe da na'urar auna gudun ƙwallo ya kira ni gefe ya ce hannuna lafiya lau, jifana ya fi na da daidaito, amma gudun bai kai na da ba, kuma akwai yara da suka fi ni ƙuruciya a layi. Ya ce in ci gaba da ƙoƙari. Na yi masa godiya, na dawo Doha na sa yunifom washegari. Har yanzu ina zuwa ran Juma'a. Ban sani ba ko akwai wani gwajin a gabana, shekaru kuma ba sa jira. Wani lokaci in na tashi da asuba jikina duk a mace yake, ba daga hannun ba.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne kiran matarsa. Na yi mata gaisuwa ranar rasuwar cikin hayaniya, amma ban sake kira ba. Na ji labarin babbar 'yarsa ta ce da ba don hannuna ba da mahaifinsu ya mutu a ɗakinsa, a gabansu. Ban ji haushinta ba, don ban ga inda ta yi ƙarya ba. Sai ranar sadakar arba'in na daure na kira. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri, ta ce da godiya. Sai ta fara tambayata, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Wa ya yi masa wanka. Ko ya rame. Ko yana cin abinci a kwanakin ƙarshe. Ko akwai mutane a jana'izar. Na ba ta amsa duka. Sannan na ce, "Inna, ki yafe mini. Saboda ni ya zauna."



"Ni na san mijina," ta ce. "Ba a sa shi, ba a hana shi. Kullum ya kira ni maganarka yake, yau ɗan nan ya ɗaga hannu zuwa kaza, yau ya jefa daga nan zuwa can. Na ce masa Malam, ni ban san wannan wasa ba. Ya ce shi ma bai sani ba." Na ji ta ja numfashi. "Hannun ya warke?"

"Ya warke, Inna. Amma ba su ɗauke ni ba."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Ya warke?"

"Ya warke."

"To alhamdu lillahi," ta ce. "In ka zo hutu ka biyo ta Zariya, ka kawo mini hannun in gani."

Na ce mata in Allah ya yarda. Hutuna sai baɗi.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka a gajiye, daga ƙasar da ba tasa ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka hutar da shi. Ka ba Inna da 'ya'yanta haƙurin rashinsa, ka ba mahaifiyata haƙurin rashin yayanta. Mu da muka rage a nan muna tashi da asuba muna komawa bakin aiki, in namu ya zo ka sa mu cika da imani. Amin.